Daga Gora Zuwa Yamaha: Tarihin Injin Jirgin Ruwa da Yadda Muka Tada Wani Tsoho a Abakpa

 Yau ku yi mini haƙuri, ba maganar sikirin ko batir na zo da ita ba. Maganar jirgin ruwa ce. Na san wani zai ce me ya haɗa mai gyaran waya a Abakpa da jirgin ruwa, alhali unguwarmu ko iskar kogi ba ta sha, sai ka hau mota ka gangara wajen Kabala ko Gamji. To gyara zama ka ji.

Watannin baya wani dattijo maƙwabcinmu ya shigo shago da wani ɗan baƙin akwati a leda, wayoyi na reto a jikinsa. Ya ce, "Ɗana, an ce kai ne mai na'urar auna wuta. Duba mini wannan, an ce shi ya mutu." Na juya shi na sake juyawa, ban gane ko mene ne ba. Ashe ƙwaƙwalwar wutar injin jirgi ce, wadda makanikai ke kira CDI. Baba mutumin bakin ruwan Shiroro ne, fito yake yi, yana tsallakar da mutane da babura da buhunan hatsi. Rashin tsaro ya taso su suka dawo Kaduna. Cikin kayan da ya loda a mota har da tsohon injinsa Yamaha mai ƙarfin doki 25, da firam ɗin ƙarfe na jirginsa na duro. Ya yi niyyar sayar wa 'yan gwangwan, zuciya ta hana shi. Yanzu ɗansa yana son komawa ya ci gaba da sana'ar.

Wannan aiki shi ya sa na shiga karance-karance da dare, har data ta ta ƙare sau biyu. Abin da na fahimta shi ne, a kogunanmu abin da ke daɗewa shi ne abin da za a iya gyarawa a bakin gaɓa. Duk wanda sai an kai shi wani gari kafin ya tashi, tarihi ya riga ya binne shi.

Mu fara daga gora. In ka taɓa kallon bikin kamun kifi na Argungu, ko a waya ne, ka ga masunta kwance a kan manyan goruna suna iyo da homa a hannu. Wannan gora iska ce kulle a cikin ɓawo, ruwa ba zai iya haɗiye ta ba. Baturen nan Heinrich Barth da ya zaga ƙasar Hausa da Borno a shekarun 1850 ya ba da labarin yadda ake tsallake kogi a Borno da manyan ƙwarya da aka haɗa da sanda, a ɗora kaya a kai, mai iyo ya tura. Ka riƙe wannan a ranka, don jirgin duron Baba jikan wannan dabara ne. Bayan gora sai kwale-kwale da ake sassaƙawa daga gungumen itace, wanda Sarkawa da Nufawa suka gwanance a kai a kogin Kwara. In ya tsage a toshe, in filafili ya karye a sassaƙa wani kafin azahar.

Sai Turawa suka zo da jirgi mai tururi. A 1854 wani likita, William Baikie, ya shigo da jirgi mai suna Pleiad ya hau Kwara ya shiga Binuwai, ya koma ba a rasa ko mutum ɗaya ba, saboda sun riƙa shan kwinin. Abin ya ba su ƙarfin gwiwa. A 1857 ya dawo da wani jirgin mai suna Dayspring. Wannan karon da suka iso Jebba jirgin ya daki dutse ya fashe. Ka san me ya faru? Mutanen da suka taso tun daga Ingila da inji mafi zamani na lokacin suka zauna a bakin kogi kusan shekara guda suna jiran wani jirgin ya zo ɗaukarsu, masu kwale-kwale na wuce su kullum safe da yamma. Babu maƙerin da zai iya taɓa Dayspring a duk yankin. Shi Baikie daga baya ya zauna a Lokoja, ya koyi Hausa, har Kano ya je a 1862.

Kogin namu ma ya taɓa zama hanyar gwamnati, abin da yawancinmu 'yan Kaduna ba mu sani ba. Kogin Kaduna ya taso ne daga tsaunukan Jos, ya yi tafiyar kusan kilomita 550 kafin ya faɗa Kwara daura da Patigi. Lokacin da Lugard ya mayar da hedikwatarsa Zungeru a 1902, ta ruwa kaya ke zuwa. Amma jirgin tururi yana son zurfi, kogin Kaduna kuwa da rani duk duwatsu ne da rairayi. Dole suka shimfiɗa wani ɗan siririn layin dogo daga Zungeru zuwa Barijuko, inda jirgi ke iya isowa. Da aka fara layin dogo daga Baro a 1907 ya isa Kano a 1911, sai ruwa ya fara rasa daraja a idon gwamnati. A 1917 hedikwata ta dawo nan Kaduna, garin da jirgin ƙasa ya raina, ba jirgin ruwa ba. Abin da ya rage mana na wancan zamani shi ne 'yar gadar ƙarfen Lugard da aka gina a Zungeru a 1904, aka kwance ta aka kawo Gamji a 1954. Da yawanmu mun ɗauki hoto a kanta ranar sallah ba mu san daga ina take ba. Jiragen tururin sun tafi da ma'aikatarsu ta Lokoja. Kwale-kwale yana nan.

To shi injin da ake maƙalawa a bayan jirgi daga ina ya fito? Wani Bafaranshe, Gustave Trouvé, ya gwada ɗan inji mai batir a kogin birnin Faris tun 1881, amma batirin wancan lokaci bai kai ya kawo ba. Mu masu gyaran waya mun san ciwon batir, ashe tsohon ciwo ne. Wanda ya mayar da abin kasuwa shi ne Ole Evinrude, haifaffen Norway da ya girma a Amurka. Labarin da ake bayarwa shi ne wai ya tuƙa kwale-kwale da hannu ya tsallaka tafki don sayo wa budurwarsa askirim, kafin ya dawo ya narke, haushi ya sa ya ƙera inji. Ko gaskiya ne ko tallar kamfani ce, a 1909 ya fara sayar da injinsa mai ƙarfin doki ɗaya da rabi, nauyinsa kusan kilo 28. Hikimar abin ba a ƙarfinsa take ba. Hikimar ita ce ana kwance shi. Ka ɗauka a kafaɗa ka kai gida, ka kai wa makanike, ka maƙala wa wani jirgin. Jirgi daban, inji daban. Abin da Dayspring ya rasa ke nan.

Yamaha sun shigo a makare, sai 1960 suka fitar da nasu na farko, kuma bai yi wani farin jini ba. Amma sun yi abin da ya sa yau ko'ina ka je, Yauri ne, Baga ne, Lokoja ne, sunansu za ka ji. Sun lura cewa Ba'amurke yana hawa jirgi ne ranar hutu a ruwa mai tsabta, shi kuwa masunci a Afirka da Asiya kullum yana kan ruwa mai laka, da lodi, da man da ba a tace ba. Sai suka yi wani jeri mai suna Enduro don irin wannan wahala, har da masu shan kananzir. Inji ne mai bugu biyu, irin na tsohuwar Basfa ko ɗan ƙaramin janaretan nan da muke haɗa wa fetur da baƙin mai. Babu kwamfuta, igiya ake ja. Shi kuwa sunan Evinrude da ya fara komai, kamfanin da ya gaje shi ya daina ƙera injin a watan Mayun 2020.

A Arewa madatsun ruwa ne suka ƙara wa injin kasuwa. Da aka gama Kainji a 1968 ruwa ya haɗiye tsohon garin Bussa, inda da kogi ne ya zama tafki mai faɗin da hannu ba zai iya tuƙawa ba. Shiroro ma da aka kammala a 1990 a kan kogin Kaduna haka ya raba ƙauyuka da gonakinsu da kasuwanninsu. Wutar da muke cajin waya da ita, wani a can ita ta mayar da hanyar ƙafarsa ta zama ta ruwa. Baba ya ce shi ma da ƙafa yake zuwa kasuwa yana saurayi.

Shi kuma jirgi mai dandamali a kan duro, wanda Turawa ke kira fontun, ana danganta na zamani da wani manomi a jihar Minnesota ta Amurka, Ambrose Weeres, wanda a farkon shekarun 1950 ya jera durorin ƙarfe layi biyu ya ɗora katako a kai. Yau a can abin shaƙatawa ne na alminiyam da kujeru masu laushi. Da na nuna wa Baba hoton a waya dariya ya yi, ya ce, "Wannan ai gora ce ta je makaranta."

Mu dawo kan gyara, don na san shi wasunku ke jira.

Matsalar injin Baba ita ce yana tashi lafiya, ya yi kamar minti goma, sai ya mutu. Ka ja igiya har kafaɗa ta gaji ba zai tashi ba. In ya huce sai ya tashi kamar ba shi ba. A bakin gaɓa wannan abin haushi ne kawai. A tsakiyar ruwa da mata da yara, ga iska ta taso, wani abu ne daban.

Abu na farko da Baba ya koya mini, kuma ka riƙe shi ko da ba ka da jirgi: ba a tada wannan inji a busasshe. A ƙafarsa akwai wata robar famfo mai fukafukai da ke tura ruwa sama don sanyaya shi, in ta juya babu ruwa cikin daƙiƙu kaɗan ta ƙone. Saboda haka muka ɗaure shi a katako, ƙafar a cikin duro cike da ruwa, muka cire farfela don tsaro. In ya tashi ka duba bayansa, dole ka ga siririn ruwa yana tsartuwa. In babu, kashe shi nan take.

Daga nan muka bi shi daki-daki, yadda nake bin wayar da ta ƙi kunnuwa, daga mai arha zuwa mai tsada. Mai tukuna. A murfin tanki akwai ɗan noti na shan iska, in yana rufe inji zai yi 'yan mintuna ya shaƙe, daidai irin alamar da muke gani. Na so ƙwarai a ce shi ne, amma a buɗe yake. Muka duba tiyo da 'yar robar da ake matsawa, kibiyar jikinta tana kallon inji yadda ya kamata. Wani makanike abokina ya kwance kafireta, muka tarar da tsohon mai ya daskare ya zama kamar ƙaro, ya wanke ya hura ƙananan ramukan. Muka haɗa sabon mai, mililita 20 na baƙin mai a kowace lita ɗaya ta fetur, wato kashi ɗaya cikin hamsin. Tsofaffin injina na shekarun 1950 sun fi haka shan baƙin mai, kusan ninki biyu, don haka kar ka ɗauki ma'aunin wani ka zuba wa wani. Muka auna matsin silinda biyun, sun yi kusa da juna, alamar fistin da ringi da sauran rai. Muka tada shi. Minti goma sha ɗaya, ya mutu.

Saura wuta. Da zafinsa muka cire filogi muka jingina da jikin inji muka ja igiya, babu ko ƙyas. Bayan rabin awa muka sake, ga shuɗin tartsatsi. To a nan ne aka ce wa Baba CDI ne, kuma kuɗin sabo ya fi abin da ke aljihunsa. Ni dai na ƙi yarda a saya kafin a tabbatar, don na sha ganin an canja wa waya babban allo alhali ɗan ƙaramin abu ne ya kwance. Na fara cire wayar makashin inji, don in ta goge tana taɓa jiki takan kashe wuta. Ba ita ba ce. Na kankare koren tsatsa a bakin wayoyi, irin wanda muke gani a wayar da ta faɗa ruwa. Ba shi ba ne.

Sai muka cire babban faifan sama, muka fito da kwayil ɗin da ke ba CDI wuta. Na ɗora mita, ya nuna lafiya. Har makaniken ya ce a mayar. Sai na tuna dabarar shago. Na ɗauko bulowar da nake ɗaga aisi da ita, na rage zafinta sosai, na riƙa hura wa kwayil ɗin daga nesa, mita na maƙale. Lamba ta riƙa hawa a hankali, wanda daidai ne in tagulla ta ɗumama. Can sai ta ɓace gaba ɗaya, layi ya yanke. Na bar shi ya huce, lamba ta dawo. Wallahi sai da na yi ihu. Siririyar wayar da ke ciki ta tsinke a wani wuri, in da sanyi bakunan suna taɓa juna, in zafi ya buɗa su sai su rabu. Muka samo na hannu muka sa. Injin ya yi awa guda a duro yana ta hayaƙi har maƙwabta suka fara magana. Akwatin da Baba ya kawo a leda lafiyarsa ƙalau.

Kafin mu rufe, muka kwance notin man giya na ƙasa. Ya fito fari-fari kamar koko, alamar ruwa na shiga. Aka canja robobin da man.

Na ɗauka an gama. Ashe inji shi ne mai sauƙin.

Ka duba manyan haɗurran da suka girgiza mu. Ranar 26 ga Mayun 2021 jirgi ya taso daga jihar Neja zuwa Warrah a ƙaramar hukumar Ngaski ta jihar Kebbi da mutum fiye da 150, ya tsage a tsakiyar ruwa, waɗanda aka ceto da rai ashirin da 'yan kai ne. A ƙarshen Nuwamban wannan shekarar a Bagwai ta jihar Kano jirgi ya kife a dam ɗin Watari, akasarin waɗanda suka rasu yara ne 'yan Islamiyya. A Yunin 2023 a yankin Patigi mutum fiye da 100 suka rasu suna dawowa daga biki cikin dare. Allah ya jiƙansu da rahama. In ka bi bayanan da suka biyo baya, abin da ke ta maimaituwa shi ne lodi fiye da ƙima, tsohon jiki, tafiyar dare, kututturen itace a ƙarƙashin ruwa, da rashin rigar kariya. Akwai hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, da aka kafa a 1997 mai hedikwata a Lokoja, amma ba ta tsaye a kowace mashigar ƙauye. A ganina injin nan mai sauƙin gyara ya zo mana da wani abu a ɓoye. Da can ƙarfin hannun matuƙi shi ke iyakance lodi. Yanzu inji zai tura duk abin da aka ɗora, shi kuwa jikin jirgi ba ya tari ba ya hayaƙi, ba ya gaya maka ya gaji. Inji in ya yi ciwo ranar ake kai shi asibiti, don in bai tashi ba babu kuɗi. Katako da duro kuwa sai a ce gobe.

Firam ɗin Baba mun kai shi Panteka. Masu walda suka kankare tsatsa, suka yanke inda ya ruɓe suka yi ƙari, aka shafa jan fenti. Tsofaffin durorin takwas, biyar sun huje a gindi. Ga yadda ake gwadawa: a rufe baki, a ɗan hura iska kaɗan da famfon keke, a shafa ruwan sabulu a duk layin ɗinki, inda ya yi kumfa nan ne. Kaɗan na ce, duro ba taya ba ne. Kuma don Allah kar ka bari a kai wutar walda jikin duron da ya taɓa ɗaukar fetur ko sinadari, ko da shekara nawa ya yi a bushe. Tururin da ya rage a ciki bam ne. Mun zaɓi sayen wasu maimakon faci.

Sai lissafi, inda muka saɓa da Baba. Duro mai lita 200 in ya nutse gaba ɗaya yana ɗaga kusan kilo 200, har da nauyin kansa a ciki. Takwas ke nan kilo 1,600. Amma jirgin duro ba a lodinsa ya wuce rabin duro a ruwa, saboda duro zagayayye ne. Daga rabi zuwa sama faɗinsa raguwa yake, in mutane suka karkata gefe ɗaya wannan gefen ba shi da sauran ƙarfin turowa, sai ya nutse lokaci guda jirgin ya juye, ba gargaɗi. Saboda haka abin da muke da shi 800 ne. Cire nauyin durorin da firam da katako da inji da tanki, a ƙiyasinmu abin da ya rage bai fi 400 ba. Mutum shida ke nan har da matuƙi, ko babur ɗaya da mutum huɗu. Kuma a ruwa mai kwanciya, ba a kogin Kaduna na watan Agusta ba.

Baba ya kalli takardar ya ce, "Ɗana, ni da na ɗauki goma sha biyu da babur biyu a kan wannan, shekara da shekaru?"

Na ce, "Baba, na yarda. Amma a lokacin ruwa yana ina a jikin duro?"

Ya yi shiru, sannan ya nuna da hannu, kusan saman.

Ɗan nasa ya ce in mutum shida ne ko kuɗin mai ba zai fito ba, kuma gaskiyarsa ne, da farashin fetur na yanzu. Abin da muka tsaya a kai shi ne a faɗaɗa firam a ƙara duro huɗu, a ja layin farin fenti a daidai rabin kowane duro yadda fasinja ma zai gani da idonsa, a sayi rigunan kariya ko shida ne a fara da su, filafili biyu kuma su zauna a jirgi ko inji na lafiya. Kuɗin duro biyu ya samu. Injin yana jingine a bayan shagona an lulluɓe shi da buhu, duk Juma'a bayan an sauko masallaci Baba yakan zo mu cika duro mu tada shi na minti biyar don kar kafireta ta sake daskarewa.